Darasi na Bakwai: Makamin da Kabeji Ya Ɓoye a Ganyensa

Kafin mu fara karatu, kowa ya ɗauki ganyen ɗanyen kabeji ya sansana. Ƙanshinsa kaɗan ne, ko ba haka ba? To, yanzu ku murza shi da yatsu har ya yi ruwa, ku sake kai shi hanci. Wani wari mai kaifi ya taso. Ku tauna ɗan guntu, za ku ji ɗan yaji-yaji a bayan harshe. Ina wannan yajin yake tun da farko?

Amsar ita ce, da babu shi. Murzawar da kuka yi ce ta haifar da shi.

Kabeji yana da dangi da yawa: farin kabeji, burokoli, radish da mastad duk 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu yana ajiye abubuwa biyu a jikinsa. Na farko sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, ana kiransa gulukosinolet. Na biyu shi ne mairosinas. Ku faɗa da ni a hankali: mai-ro-si-nas. Shi enzayim ne, wato irin sinadarin da aikinsa shi ne ya hanzarta juyar da wani abu zuwa wani. A yawun bakinmu ma akwai enzayim, wanda yake fara narkar da abinci tun kafin a haɗiye.

Hikimar tana wajen ajiya. Shuka ba ta haɗa su wuri ɗaya, kowanne da ɗakinsa a cikin ƙwayoyin ganye, kamar tsinken ashana da gefen kwalinta: muddin ba a ƙyasta ba, wuta ba ta tashi. Da zarar wuƙa ta yanka, ko haƙori ya tauna, ko tsutsa ta gatsa, sai bangon ɗakunan ya fashe, su gauraya. Nan take mairosinas ya tsinke gulukosinolet, ya fitar da sinadarai masu yaji da ɗaci. Da haka shukar da ba ta iya gudu take korar ƙwari. Amma ba kowane ƙwaro take kora ba. Tsutsar wani farin malam-buɗe-littafi tana da abin da yake karkatar da wannan haɗi a cikin hanjinta, shi ya sa take cin kabeji hankali kwance.

Wani masanin haɗa magunguna ɗan Faransa, Antoine Bussy, shi ya gano wannan enzayim a ƙwayar baƙin mastad, wajen shekarar 1840. Bayan fiye da shekara 150, a 1992, Paul Talalay da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fitar da wani sinadari daga burokoli mai suna salforafen, suka nuna cewa yana zaburar da enzayim ɗin da jiki yake amfani da su wajen kawar da abubuwa masu cutarwa. Shi ma salforafen, mairosinas ne yake samar da shi. A 1997 suka ƙara bayyana cewa tsiron burokoli na 'yan kwanaki ya fi babban burokoli yawan sinadarin da ake yin salforafen da shi, nesa ba kusa ba.

A nan ina so mu tsaya, domin nan ne darasin ya shafi tukunya. Mairosinas ba ya jure zafi. Idan aka jefa kabeji cikin tafasasshen ruwa aka bar shi har ya yi lugub, enzayim ɗin ya mutu. Ƙari a kan haka, gulukosinolet yana narkewa a ruwa, don haka mai tsiyaye ruwan dahuwa ya zubar, ya yi asara biyu. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutum ya sayi ganye da gumin goshinsa, sannan ya zubar da wani ɓangare na amfaninsa ba da saninsa ba.

Gyaran ba shi da wuya. A wanke ganyen tukuna, sannan a yayyanka shi ƙanana, a rufe, a bar shi kamar rabin awa, don enzayim ya yi aikinsa kafin wuta ta same shi. Sai a turara shi na minti uku ko huɗu, a sauke yana da sauran ƙarfi da launinsa. Idan kuma ya riga ya dahu sosai, a barbaɗa ɗan garin ƙwayar mastad bayan an sauke, ko a haɗa da ɗan ɗanyen kabeji ko radish, domin suna ɗauke da mairosinas mai rai. Ƙananan halittun da ke zaune a hanjinmu, wato bakteriya, su ma suna yin wannan aiki, sai dai kaɗan suke iyawa.

Ku riƙe wannan da kyau: kabeji abinci ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Kuma wasu daga cikin sinadaran da wannan haɗi yake fitarwa suna iya rage yadda jiki yake amfani da aidin. Mai fama da maƙoƙo ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ya yawaita cin ɗanyensa.

Aikin gida

Ku raba ganyen kabeji biyu. Ku tafasa rabi na minti goma, ku bar rabi ɗanye. Idan dafaffen ya huce, ku murza kowanne, ku sansana, ku ɗanɗana. A littafinku ku rubuta jimla uku a kan bambancin da kuka ji, ku kuma rubuta kalmar mairosinas sau biyar. Ku zo da littafin a zama na gaba, kowa zai karanta nasa a gaban aji.