Yadda ake sauke tsohuwar a-kori-kura da ɗan abin da ke aljihu

Motar tawa Hilux ce ta shekarun 1980, mai jan baya kaɗai, fara, ko in ce dā fara ce. Na saye ta a hannun wani mai hatsi da ya shekara da shekaru yana jigilar buhuna da ita daga Gujungu zuwa Dawanau. Kamar yadda masu wannan sana'a suka saba, ya ƙara mata sifirin, falle uku-uku a kowane gefe, don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. In da lodi zama take daram. In babu, sai ka ga ƙugunta a sama, hanci a ƙasa, kamar kaza tana tsattsagar tsaba.

Ni kuwa aikina da ita ba na buhu ashirin ba ne. Injin ban-ruwa ne zuwa fadama, taki, kwandunan tumatir, wani lokaci raguna biyu-uku ranar Alhamis zuwa Maigatari. Sannan a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, duk wanda ciwo ya kayar da dare, ko mace mai naƙuda, ƙofata ake bugawa. Ranar da na yanke shawarar sauke ta ita ce ranar da muka kai Baba asibiti. Mutum uku suka ɗaga shi kafin ya shiga baya, kuma duk gargadar da muka taka sai motar ta cilla shi sama da katifarsa. Da muka isa ya dube ni ya ce, "Kai, wannan mota ce ko raƙumi?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, za a gyara."

Kafin ka taɓa sifana, tambayi kanka ina motar take bi. Samarin birni suna sauke mota har ta kusa shafar kwalta don ado, wannan lamarinsu ne. Mu hanyarmu rairayi ce, tifa da amalanke sun haƙa mata rami biyu sun bar tudu a tsakiya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: sauke sifirin ba ya taɓa tsayin aksul, wato ƙarfen da ke haɗe tayoyin baya biyu, daga ƙasa, taya ce ke riƙe da wannan. Abin da ke sauka shi ne shasi da duk abin da ke rataye a jikinsa, salansa, tankin mai, ƙarfen da ke tallafe da giya. Su ne za su fara sumbatar tudun nan. Saboda haka ni a ganina, in ka wuce santimita 5 ƙasa da tsayin da kamfani ya ba motar, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima, amma a nan kada ka yarda da shi. Nemi tef. Ajiye motar a waje mai daidai, ni a daɓen simintin shagon injin niƙa na yi, ka tabbata iskar tayoyin huɗu daidai take, ka auna daga ƙasa zuwa leɓen madigadi ta tsakiyar taya. Rubuta a takarda. Tawa ta ba ni 86 a baya, 75 a gaba, kuma gefen direba ya gaza na ɗaya gefen da santimita guda, abin da ba baƙo ba ne ga tsohuwar mota. Sannan ka leƙa ƙasa ka auna ratar da ke tsakanin aksul da robar nan da ke manne a shasi, wadda ke tare aksul kada ya daki ƙarfe. Duk abin da ka sauke, daga wannan ratar ake cire shi. In ta ƙare, motarka ta zama amalanke.

Kwana biyu kafin aikin, jiƙa duk notin da za ka kwance da baƙin mai haɗe da kananzir, safe da yamma. Notin da ya shekara talatin yana shan ruwan damina ba ya jin lallashi a rana guda.

Maganar ɗaga mota kuwa, ba na wasa da ita. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Tare tayoyin gaba da duwatsu, ɗaga baya, ka tokare shasi da gungumen itace mai ƙarfi, ka sa katako a ƙarƙashi in ƙasar mai rairayi ce. Kada ka sa bulon siminti, fashewa yake ba sallama. Jak ɗin kuma sai ka mayar da shi ƙarƙashin aksul, ka riƙa ɗaga shi da sauke shi yadda kake so. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, don aksul ɗin kada ya goce maka.

Aiki mafi araha shi ne cire abin da aka ƙara. Fallen da aka cusa daga baya ba ya ɓuya: kaurinsa daban, tsatsarsa daban, sau da yawa ma bakinsa yankan mai walda ne. Kwance shokazoba ta ƙasa, kwance yubol guda biyun da suka rungume aksul, ka ɗan ɗaga aksul ɗin daga kan sifirin. Yanzu ka natsu. Fallayen nan a lanƙwashe suke, ƙarfi ne a ɗaure, noti guda ne a tsakiya ya haɗe su, wanda makanikai ke kira santabol. In ka kwance shi haka kawai, falle zai iya tsalle ya karya maka yatsa ko ya fasa maka baki. Ka fara matse fallayen da matsi na ƙarfe irin na kafintoci, ɗaya gaba ɗaya bayan notin, sannan ka cire notin, sannan ka sassauta matsin a hankali. Ka zare na ƙari, ka goge sauran da buroshin waya, ka duba ko akwai mai tsaga, musamman kusa da hujin tsakiya. Falle na ɗaya, mai ido a kowane baki, shi ne uwa, shi ke riƙe aksul a mazauninsa, ba a taɓa shi, haka mai bi masa. Ka sa sabon santabol daidai da sabon kaurin, ka yanke rarar da ta leƙo.

Wannan kaɗai ya sauke min baya daga 86 zuwa 81, kuma motar ta daina harbi. Da yawa daga cikinku a nan ya kamata ku tsaya. Ni na ci gaba ne saboda ɗaga injin ban-ruwa ni da yaro ɗaya.

Mataki na biyu shi ne bulon ƙarfe, kuma a nan dole ka kwanta ka kalli yadda motarka take. In aksul a saman sifirin yake zaune, kamar yadda yake a tawa, bulon da ka sa a tsakaninsu zai tura aksul sama ya kusanci shasi, mota ta sauka daidai kaurin bulon. In kuwa sifirin ne a saman aksul, kamar Hilux mai jan gaba da baya, wannan bulon ɗaga motar zai yi. Na ga wanda ya sayo, ya ɗaura, ya sauke jak, ya tsaya yana salati.

Nawa a Kano aka sassaƙa min, na santimita 4, ƙarfe dunƙulalle mai faɗin sifirin, da huji a ƙasa inda kan santabol zai shige, da ɗan tsini a sama da zai shiga hujin mazaunin aksul. Wannan hujin da tsinin su ne komai. In babu su, ranar da ka taka birki da ƙarfi aksul zai zame, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Kada ka ɗora bulo kan bulo. Kada ka sa katako, ko da na kirya ne, yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, notin ya saki. Kuma kada ka tsimi kuɗin yubol. Tsohon ya riga ya miƙe, ba zai ma kai ba, dole sabo mai tsawo, a Ƙofar Ruwa ana samu, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada faɗi. Wani zai ce maka a yi masa ƙari da walda. Ka yi masa godiya ka wuce. Wajen ɗaurewa, noti huɗun nan a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su yi daidai. In rarar yubol ta yi ƙasa har ta wuce bakin wili, a yanke, in ba haka ba ranar da taya ta yi faci ita za ta fara cakar ƙasa.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan araha, kuma ita ce nake roƙonka da ka guje mata: a hura wa sifirin wutar gas har ya yi ja ya kwanta. Minti goma an gama. Wani mai walda a bakin tasha ya ce min, "Alhaji, kawo ta, ko sisi ba za ka kashe a kan kaya ba." Ƙarfen sifirin an gasa shi ne an tsoma shi ta wata hanya da ta ba shi wannan dawowar, in wuta ta sake cin sa ƙarfin ya tafi. Zai ci gaba da kwanciya, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye daidai inda aka gasa. Duk maƙeri ya san haka.

Gaba ba ta da wahala in motarka mai toshanba ce, wato doguwar sandar ƙarfe a kowane gefe da ke murɗawa maimakon sifirin. Bi ta zuwa ƙarshenta na baya, wajen tsakiyar mota, za ka ga dogon noti a tsaye da makullinsa. Ɗaga gaba har nauyi ya bar tayoyi, sa alama da alli, saki makullin, ka sassauta, kana ƙirga juyi, adadi ɗaya hagu da dama. Sauke, tuƙa ta ɗan gaba da baya ta zauna, sake aunawa. Ni santimita 2 kawai na rage, gaba ta koma 73, baya 77. Da gangan na bar baya ya fi, don in an yi lodi ta daidaita. Masu Peugeot 504 irin haɗin Kaduna, gabanku naɗaɗɗen sifirin ne, babu notin juyawa, ku bar shi yadda yake ku tsaya a baya. In ka taɓa gaba kuwa, alaimen, wato saita tsayuwar tayoyin gaba, ya zama dole, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki kafin kaka.

Yanzu abin da ya kusa kashe ni. Kwana uku da gama aikin, an yi yayyafi, ina kan burji babu kaya, tunkiya ta gitta, na taka birki. Tayoyin baya suka ƙame, ƙugun motar ya juyo, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. A irin wannan Hilux akwai wani ɗan bawul a shasi ta baya, da siririyar sanda da ta tafi ta kama jikin aksul. Aikinsa ya ji nauyi: in mota ta zauna saboda lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da na sauke ta, sai ya ɗauka kullum a cike take. Maigidana na gareji, wanda na yi wa yaron mota shekara huɗu, da na ba shi labari bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ka taɓa sandar?" Na ce, "Wace sanda, Oga?" Shi ya sauke mata mazauni a jikin aksul daidai da abin da na sauke motar, muka gwada birki a fili har sai da gaba ta riƙa kamawa kafin baya. In taka tana da wannan bawul, kada ka hau titi sai an yi wannan.

Sauran dubawa ba su da yawa. Tiyon birki da wayar hambirki kada su goga a ko'ina. Shokazoba kada ta ƙure kafin aksul ya kai ga robar, in ta ƙure nemi gajera. In ka ji rawa daga ƙasa lokacin da kake ɗaukar gudu, kusurwar farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ce ta sauya, ɗan siririn ƙarfe mai kai-da-gindi a tsakanin bulo da aksul yana gyara ta. Fitila ma a sake saita ta a jikin bango da dare. Wasu suna sauya taya daga 195R14 zuwa 185R14 don ƙarin sauka, amma abin da za ka samu bai kai santimita guda ba, ga shi ƙaramar ba ta ɗaukar nauyin babbar, ni ban yi ba.

Bayan mako guda ka koma ƙarƙashi da sifana ka sake ɗaure yubol, za ka tarar sun ɗan saki, haka sabon ƙarfe yake kafin ya zauna. Ka sake bayan lodin farko mai nauyi. Kuma ka sani motar da ka cire wa falle uku-uku ba ita ce ta mai hatsi ba. Ranar Lahadi a Gujungu har yanzu 'yan kamasho suna tare ni, "Direba, buhu goma sha biyar ne kawai zuwa Kano," ina ce musu a nemi wata.

Fallaye shidan da na cire, huɗu suna rataye a zaure na shafe su da baƙin mai. Biyu Kawu maƙeri ya karɓe, ya ƙera min gatari da adda, ya riƙe saura ladan aikinsa.