Mai son karatun taurari a Kalifoniya, ta ajin lissafi zai bi

Ranar 29 ga Maris, 2006, ina ɗan firamare a Katsina, rana ta yi husufi da hantsi. Gari ya yi duhu na kusan minti huɗu, kaji suka nufi akurki, manya suka nufi masallaci. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: tun kwanaki kafin nan an faɗa a rediyo cewa abin zai faru, an faɗi ranar, an faɗi lokacin. Ta yaya mutum zai san haka? Wannan tambayar ce ta bi ni har Amurka, inda na iske yayana a yankin San Jose da ke jihar Kalifoniya, na shiga kwalejin shekara biyu, daga bisani na koma jami'a na ƙarasa digiri a fiziks ɗin sararin samaniya. Ƙannenmu da ke zuwa yanzu suna yawan tambayata yadda na bi, shi ya sa na ga gara in rubuta. Tsarin Kalifoniya zan bayyana domin shi na sani, sauran jihohi kowace da nata.

A jihar akwai irin waɗannan kwalejoji 116. Wanda aka amince mazaunin jihar ne yana biyan dala 46 kan kowane yunit (ma'aunin nauyin kwas), wato kwas mai yunit biyar dala 230 ke nan, yunit 60 ɗin da ake bukata kafin a koma jami'a kuma dala 2,760. Mai ƙaramin ƙarfi ma ana iya yafe masa wannan idan ya cike takardar neman tallafi. Amma zama mazaunin jiha sai ka shekara cur a cikinta, da shaida a hannu, kuma takardunka na zama su ba da damar haka. Wanda ya zo da bizar ɗalibi kuɗin baƙi zai biya, wanda ya ninka wancan sau da yawa, dole kuma ya ɗauki aƙalla yunit 12 kowane zango. Ka san rukunin da kake ciki kafin ka fara lissafin aljihu.

To, ga babbar maganar. Idan taurari kake so ka karanta, kada ka fara da kwas ɗin taurari. Na san abin zai yi wa kunne nauyi. Kusan kowace kwaleji tana da kwas na gabatarwa a kan sararin samaniya, mai daɗi ƙwarai, cike da hotuna, wani lokaci har a kai ku ɗakin da ake haska taurari a jikin rufi irin wanda kwalejin De Anza ke da shi a Cupertino. Sai dai an shirya shi ne domin ɗaliban tarihi da kasuwanci da ke bukatar kwas ɗaya na kimiyya. Sashen fiziks na jami'a ba da shi zai auna ka ba. Abin da za su duba shi ne lissafi da fiziks, domin mai binciken taurari masanin fiziks ne da ɗakin gwajinsa yake sama. Ba ya taɓa tauraro da hannu, haske kawai yake samu, daga hasken kuma yake ciro zafi da nisa da nauyi da abin da tauraron ya ƙunsa.

Lissafin kamar tsani yake, ba a tsallake mataki. Kalkulus na ɗaya, na biyu, na uku mai lura da abubuwa da yawa da ke canzawa tare, sannan aljabarar layi da lissafin difarenshiyal. Kwas biyar ke nan, kuma ukun farko dole ɗaya bayan ɗaya. Fiziks ma jere yake: motsi da ƙarfi, sai lantarki da maganaɗisu, sai zafi da igiyoyi da haske, sai fiziks na zamani. Ba za a bar ka ka shiga na farkon ba sai ka gama kalkulus na ɗaya, na lantarki kuma yana jiran kalkulus na biyu. Ka ga ke nan duk zangon da ka yi ba lissafi, ba zango ɗaya kawai ka rasa ba, gaba ɗaya jerin ka tura baya. Saboda haka ranar farko da ka taka kwaleji, ka nemi a sa ka a ajin lissafi mafi girma da za ka iya ɗauka da gaskiya. In ka yi ƙarin lissafi a sakandare kuma bai guje maka ba, shiga kalkulus kai tsaye. In kuwa tirigonometiri ya yi maka tsatsa, ka koma masa zango ɗaya, babu abin kunya. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi kalkulus, aljabara ce ta kayar da su, ba sabon darasin ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya ci mini kusan shekara. Fiziks iri biyu ake koyarwa: mai amfani da aljabara kawai, wanda masu shirin aikin lafiya suka fi ɗauka, da mai amfani da kalkulus, na injiniyoyi da masu fiziks. Sunayensu a jadawali sun yi kama. Na ga na farkon ya dace da lokacin aikina na dare, na shiga, na ci A, ina murna. Sai da na zauna da wata malama a ƙarshen zango ta duba takarduna ta ce, "Wannan ba zai shiga lissafin digirinka ba." Haka na sake farawa daga motsi da ƙarfi.

Abin da zai kare ka daga irin wannan shi ne shafin ASSIST, rumbun hukuma da ke nuna wane kwas na wace kwaleji ne ya yi daidai da wane kwas na wace jami'ar gwamnati a jihar. Ka zaɓi kwalejinka, ka zaɓi jami'ar, ka zaɓi fannin fiziks ko fiziks ɗin taurari, sai jerin ya fito. Ka buga shi a takarda ka manna a bango. Ka yi wa jami'o'i uku ko huɗu haka, domin bukatunsu ba ɗaya ba ne: wata tana son kemistiri, wata tana son kwas na rubuta manhaja. Masu ba ɗalibai shawara suna ƙoƙari, amma ɗaliban da ke gabansu sun yi yawa kuma masu neman fiziks 'yan kaɗan ne, don haka ka je musu da takardarka a hannu. Kuma jerin fiziks ɗin ka gama shi a kwaleji ɗaya. Wata tana raba darussan gida uku, wata gida huɗu, in ka yi rabi nan rabi can sai a wayi gari babu inda ka karanta zafi ko haske.

Akwai kwasa-kwasan gama-gari na Turanci da tarihi da zamantakewa, waɗanda a zamaninmu ake kira IGETC, daga 2025 kuma aka koma Cal-GETC. Ka yi na Turanci biyun da wuri tunda sharaɗi ne na shiga, sauran ka riƙa cike gurbi da su. Kada ka bari su ci wurin lissafi.

Maganar maki. Mafi ƙarancin GPA, wato matsakaicin makinka, da jami'o'in UC (rassan Jami'ar Kalifoniya) ke karɓa shi ne 2.4 ga mazaunin jiha, 2.8 ga baƙo, amma wannan ƙofar gida ce kawai, masu samun gurbi a fiziks sun haura haka nesa. Wani abu da ba a faɗa wa sabon ɗalibi: in ka ci C, a bisa ƙa'ida ba za a bar ka ka maimaita kwas ɗin ba, ya zauna ke nan. Idan ka ga zango ya rikice, rashin lafiya ko aiki ya danne ka, ka san ranar ƙarshe ta janyewa, ka yi shawara da malaminka kafin ta wuce. Ni dai ra'ayina, mai aikin sa'a talatin a mako kada ya haɗa manyan kwasa-kwasan kimiyya uku a zango ɗaya. Shekara uku na yi a kwalejin da ake kira ta shekara biyu, kuma a ajinmu na lantarki ba ni kaɗai ba ne.

Ka yi rajista ranar da aka buɗe maka, da safe. A ƙananan kwalejoji aji ɗaya tak ake buɗewa na manyan kwasa-kwasan fiziks, wani ma sau ɗaya a shekara. Ka kuma duba lokacin ɗakin gwaji, wanda yakan ci sa'a uku, kada ya faɗo daidai sallar Juma'a. Sau ɗaya hakan ta same ni, na yi wa malamin bayani tun makon farko, ya mayar da ni rukunin Talata ba tare da wata wahala ba.

Neman gurbi ana yin sa shekara guda kafin tafiya, abin da ke ba mutane da yawa mamaki. Shida daga cikin jami'o'in UC, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna da yarjejeniyar TAG: in ka cika sharuɗɗan da suka gindaya, gurbinka tabbas ne. A watan Satumba ake nema, kuma jami'a ɗaya kawai za ka zaɓa. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki, su sai takara. Babbar takardar neman shiga ana rufe ta wajen ƙarshen Nuwamba, a Janairu ka sabunta makinka, amsa ta zo wajen Afrilu. In ka taɓa yin jami'a ko kwalejin kimiyya a gida, ko zango ɗaya ne, dole ka bayyana. Ɓoyewa na iya sa a janye gurbin bayan an ba ka.

Wajen zaɓe, ka dubi abin da malaman sashen ke bincike, ba sunan jami'a kawai ba. Ni Santa Cruz na sa a TAG saboda nan ne cibiyar da ke kula da wuraren kallon taurari na UC, ciki har da Lick da ke kan dutsen Hamilton, gabas da San Jose. An buɗe shi a 1888, kuma da na'urarsa ta hangen nesa mai faɗin inci 36 Edward Barnard ya gano wata na biyar na duniyar Mushtari (Jupiter) a 1892. Na hau dutsen nan wani dare na bazara lokacin da ake buɗe wa jama'a, hanya sai lanƙwasa take har kaina ya fara juyawa. Da na sa ido a wannan tsohuwar na'ura, na tuna kakata tana nuna mana Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gida, tana cewa Zara matar wata ce. UC kuma tana da rabo a manyan madubai biyu na Keck a Hawaii, masu faɗin mita 10, waɗanda Andrea Ghez ta UCLA ta yi shekaru tana bin taurarin tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki da su, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2020. A gida kuwa har yau akwai masu tambayata ko duba nake koyo. Nakan ce musu ilimin da ake sanin lokacin husufi da tsayuwar wata da shi nake yi, sai a fahimci juna.

Abu biyu nake so ka fara tun kana kwaleji, ko da babu wanda ya tilasta ka. Na farko Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Aikin mai binciken taurari na yau da kullum a gaban kwamfuta yake, yana tace bayanai, yana zana jadawali. Ka fara da ƙaramin abu: rubuta 'yar manhajar da za ta zana hanyar dutsen da aka jefa, sannan ka sa mata jan iska, sannan ka mayar da ita duniya mai zagaya rana. Na biyu binciken hutun bazara. Hukumar NSF, mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka, tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen REU, wato bincike domin ɗaliban digirin farko, na mako takwas zuwa goma, da alawus da wurin kwana, ana nema wajen Janairu da Fabrairu, amma sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato izinin zama na dindindin. Santa Cruz tana da shirin Lamat, wanda ya fi mayar da hankali kan ɗaliban da suka fito daga kwalejoji irin namu. Mai bizar ɗalibi kuwa ya rubuta wa malamai kai tsaye, gajeriyar wasiƙa da ke nuna ya karanta wani abu na aikinsu. In kwalejinka tana da cibiyar MESA, mai taimaka wa ɗaliban lissafi da kimiyya da injiniyanci, ka mayar da ita ɗakinka na biyu. Can na samu abokan da muke warware tambayoyi tare, can kuma aka fara nuna mini littattafan OpenStax na kyauta.

Dalilin wannan gaggawa shi ne lokaci zai ƙure maka bayan ka koma. Wanda ya fara jami'a tun shekarar farko yana da shekara huɗu na sanin malamai. Kai za ka iso a Satumba, kuma in digirin digirgir kake nufi, a Disamba na shekara mai zuwa za ka tura takardu da wasiƙun shaida uku daga malaman da suka san aikinka. Wata goma sha biyar ke nan. Ga shi yawancin jami'o'in UC, ban da Berkeley da Merced, zangonsu mako goma ne, jarrabawar farko takan zo kafin ka gama sanin hanyar aji. Zangona na farko kwas uku kawai na ɗauka, biyu na fiziks ɗaya mai sauƙi. A mako na biyu na ƙwanƙwasa ƙofar wata farfesa da ke aiki kan taurari masu canza haske, na nuna mata 'yar manhajar zagayen duniya da na rubuta tun a kwaleji. Ta duba, ta gyara mini layi biyu, sannan ta ce in zo taron ɗalibanta ranar Alhamis da ƙarfe huɗu.