Yadda za ka rage ruɓewar tumatir da tattasai bayan tsinka

Duk ɗan gwari ya san wannan baƙin cikin, ka loda kwando lafiya lau a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a jihar Kano, kafin mota ta kai kasuwar Mile 12 a Legas ƙasan kwandon ya zama ruwa, ga wari. Wallahi abin na ci min rai, don gumin wata uku ne ke tsiyayewa a titi.

Mai wannan aikin yawanci wata bakteriya ce, Pectobacterium, ta rauni take shiga, inda tsinken kwando ya soka ko farce ya karta, sai ta narkar da ɗankon da ke riƙe naman tumatirin.

Yanzu masana na gwada wasu ƙananan furotin da ake kira feftaid, su ɓula fatar bakteriyar suke yi har ta mutu. Akwai nisin, wanda bakteriyar madara ke samarwa, an daɗe ana sa shi a cuku da abincin gwangwani, amma shi kaɗai ba ya iya wa irin wannan ta ruɓa sai an haɗa shi da wani sinadari kamar EDTA. Akwai kuma waɗanda bakteriyar Bacillus subtilis ke fitarwa, ita ce fa wadda ke nuna mana daddawa! To amma yawancinsu suna ɗakin gwaji tukuna, kuma ko sun iso kasuwa ba za su ceci fasasshen tumatir ba.

Don haka fara da abin da ke hannunka. Kar ka tsinka da raɓa, bari ta bushe. Ware fasasshe da mai tabo tun a gona, ɗaya tak ya isa ya shafa wa na kusa da shi. In da hali koma kires na roba, ka wanke shi da ruwan bilic, cokali 4 na cin abinci a jarka mai lita 20 in bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, ka shanya. Kar ka tsoma tumatir mai zafin rana cikin ruwan sanyi, ta wurin da aka tsinke shi yake zuƙar ruwan har da cutar. Inuwa da iska, kar a lulluɓe da leda.

Sannan don Allah kar wani ya ji an ce bakteriya ya je kemis ya sayo kafso ya barbaɗa, maganin mutane ba na kayan miya ba ne, yaranmu ne za su ci.