Darasi na 9: Ba Sabon Ɗan Kasuwa Jari

Wannan darasi na wanda yake da 'yan kuɗi a ajiye ne, ba lallai masu yawa ba. Ɗan fansho da ya karɓi garatuti, hajiyar da ta kwashi adashi, manomin da ya sayar da amfanin rani, ko wanda aka raba gado aka ba shi nasa. Kuɗin suna nan, ba a bukatarsu yau ko gobe. A unguwar nan kuma akwai matashin da ya iya sana'a, ya san inda masu saye suke, amma ba shi da abin farawa.

Banki ba zai saurare shi ba. Banki yana neman jingina, kamar takardar fili ko ta gida, kuma yana so ya ga tarihin ciniki na shekaru. Mai farawa ba shi da ko ɗaya. Ko da an ba shi, ruwan zai karya shi: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma su ɗora nasu a kai. Mai ajiya ma bai tsira ba. A watan Disamba na shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato kayan da Naira 100,000 ta saya shekara guda kafin nan, a lokacin sai an ba da kusan 135,000 kafin a same su. Kuɗin da aka ƙulle a akwati ba wanda ya taɓa su, amma sun rame.

Haɗa mai kuɗi da mai sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce a Makka, ita ce ta ba Manzon Allah (SAW) dukiyarta ya tafi fatauci Sham kafin aurensu. A Kantin Kwari da Singa har yau ubangida yakan sallami yaronsa da jari bayan ya yi masa hidima. Aliko Ɗangote ma da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa ya fara kasuwanci a 1977. A wannan zamani akwai Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200, waɗanda suka sa masa kuɗi tun yana ƙarami suka ci riba mai yawa. Sai dai a riƙe wannan: labarin wanda ya yi nasara ake bazawa. Sababbin kasuwanci da yawa sun mutu tun ba su yi ƙwari ba, babu gidan rediyon da ya faɗa.

Rance ne ko jari?

Mu ɗauki misali. Wani saurayi ya je wajen gwaggonsa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, wurinki na zo. Ina so in sa firiza biyu masu aiki da sola a bakin tasha, in riƙa sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Wuta ba ta zama, masu shayi da masu zoɓo har cikin gari suke zuwa neman ƙanƙara."

"To madalla, ɗana. Nawa ake nema?"

"Miliyan biyu, Gwaggo."

"Rance kake so, ko kuwa da ni za a yi?"

"Ai duk ɗaya ne, Gwaggo, gida ne."

"A'a, ba ɗaya ba ne. Zauna da kyau mu yi magana."

Gwaggo ta yi gaskiya. Wannan "ai gida ne" ita ce take raba zumunci bayan shekara biyu. Idan rance ne, miliyan biyu ta bayar, miliyan biyu za a mayar mata, ko an ci riba ko an faɗi, kuma ba ta da ko kwabo a cikin ribar. Idan jari ne, tana da rabo a riba, amma ta yarda kuɗinta za su iya raguwa, har ma su ƙare. Ba a cin biyu. Wanda ya ce uwar kuɗinsa kada ta yi ciwon kai, kuma a riƙa ba shi wani abu duk wata, ba jari ya bayar ba, bashi da ruwa ya bayar, ko da wane suna ya kira shi.

Hanya ta farko: kuɗi daga gare ki, aiki daga gare shi

Malaman fiƙihu suna kiran wannan ƙiradi ko mudaraba. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa da basirarsa. Sharaɗin shi ne a yanka rabon riba tun farko da kaso: rabi da rabi, ko ɗaya bisa uku, ko yadda aka daidaita. Ba a yanka adadi, kamar a ce "dubu hamsin duk wata", domin wata zai zo da ba a sami dubu hamsin ɗin ba.

A ce sun daidaita a kan kashi 40 na Gwaggo, kashi 60 na yaron. Shekara ta zagayo, aka cire kuɗin haya, da na ruwa, da leda, da ladan yaron shago, da gyaran batir. Riba ta tsaya a kan Naira 600,000. Gwaggo ta ɗauki 240,000, shi ya ɗauki 360,000, miliyan biyunta kuma tana cikin kasuwancin.

Yanzu a juya. Damina ta yi tsawo, hunturu ya biyo baya, ba mai neman ƙanƙara, inbata, na'urar da ke sarrafa wutar solar, kuma ta ƙone. Aka yi lissafi, an faɗi da Naira 500,000. Wa zai ɗauka? Gwaggo ce. Jarinta ya koma 1,500,000. Shi kuma ya yi asarar wahalarsa ta shekara guda, bai tashi da komai ba. Ba za a ce ya biya ba, sai idan an tabbatar ya yi sakaci ko ha'inci, ko ya saɓa sharaɗi, kamar ya ɗebi kuɗin firiza ya sayi babur na yawo. Mutane da yawa suna son rabin farko na wannan hukunci, rabin na biyu kuwa sai su ce ba su ji ba. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki na biyun ba, gara ya sayi fili ya kewaye.

Hanya ta biyu: sayen wani yanki na kamfani

Idan kasuwancin mai son girma ne, ana yi masa rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni a matsayin kamfani, a raba mallakarsa zuwa hannayen jari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin, har mutum ɗaya zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista. A nan tambayar farko ita ce: nawa kamfanin ya kai gaba ɗaya? Idan aka yarda cewa da kuɗin Gwaggo a ciki ya kai miliyan 10, to miliyan biyunta ta saya mata kashi 20 cikin ɗari.

Bayan shekara uku shago ya zama biyar. Wani attajiri ya zo da miliyan 10, aka ba shi kashi 25. Wannan ya nuna kamfanin ya kai miliyan 40. Kason Gwaggo ya sauka daga 20 zuwa 15, domin kowa ya matsa an ba baƙo wuri. Kada ta tayar da hankali: kashi 15 na miliyan 40 miliyan 6 ne. Amma fa a takarda ne. Ba za ta riƙe miliyan shidan a hannu ba sai ta sami mai sayen kasonta, kuma hannun jarin ƙaramin kamfani ba kamar tunkiya ba ne da za a kai kasuwa ranar Juma'a a dawo da kuɗi. Yana iya ɗaukar shekaru. Saboda haka kuɗin makarantar yara, da na auren 'ya, da na asibiti, da guzurin Hajji ba sa shiga nan.

Kafin kuɗi su bar hannunka

Je ka gani da idonka. Tsaya a bakin tashar da rana tsaka, ka ƙirga masu sayen ruwan sanyi, ka tambayi mai shayi nawa yake sayen ƙanƙara da kuma wajen wa. Ka tambayi yaron ko ya taɓa sayar da ko da ƙulli ɗaya, domin wanda ya fara da 'yar kular sanyaya ruwa da ƙanƙarar saye ya fi wanda ya zo da dogon bayani a waya. Ka ce ya nuna maka littafin da yake rubuta shiga da fita. Idan ba shi da shi, ka saya masa, ka ce ya dawo bayan wata guda. Ka binciki wanda ya taɓa yi wa aiki, ka ji yadda suka rabu. Ka kuma tambaye shi nawa ne nasa a ciki, ko da dubu ɗari ce, don mutum ya fi tsaron abin da guminsa yake ciki.

Kada ka ba da kuɗin a dunƙule. Firiza ɗaya tukuna da faifan solarta. In an yi wata uku lissafi ya fito, sai a saki sauran. In da hali ma, ku biya mai kayan kai tsaye ku karɓi rasit. Kuma wanda yake da miliyan biyu, ya fi masa ya haɗa kai da mutum uku ko huɗu, kowa ya sa dubu ɗari biyar a kasuwanci daban-daban, da ya juye duka a wuri guda.

Sai rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Jari ya fi bashi sarƙaƙiya, don haka ya fi bukatar takarda. A rubuta sunayen mutanen biyu, da adadin kuɗin, da abin da za a yi da su, da kason kowa, da ranar da za a riƙa zama lissafi. A rubuta ko mai aikin zai ɗauki albashi. A rubuta yadda za a yi idan ɗaya yana son fita, da wanda za a kai wa ƙara idan an saɓa. Abin da aka fi mantawa shi ne mutuwa: idan Gwaggo ta rasu, magadanta su san abin da take da shi, kada yaron ya ce kyauta ta ba shi, su kuma su ce rance ne. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Wanda bai iya karatu sosai ba, ya sa wani nasa ya karanta masa a fili, ba wanda mai neman kuɗin ya kawo ba. Idan kuɗin da yawa, ladan lauya ba asara ba ce. Asusun kasuwanci kuma ya zama daban da na aljihu.

Gwamnati ma ta sa baki. A watan Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha. Ta tanadi rangwamen haraji ga wanda ya zuba jari a kamfanin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ba shaida, wanda bai wuce shekara goma da rajista ba. Wannan ya shafi kamfanonin fasahar zamani ne, mai ƙanƙara ba ya ciki.

A ƙarshe a bambanta jari da tarko. MMM, wata harkar tara kuɗin jama'a ta intanet, ta yi wa mutane alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda, ta rufe asusunsu a Disambar 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba. Alamarsu ɗaya ce: riba tabbatacciya, ba shago, ba kaya, sai "kawo mutum biyu a ƙara maka". Duk mai tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari, a tambaye shi rajistarsa da hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari, a kuma sa wani ya duba ko gaskiya ne.

Aiki

Wata mata ta ba ƙanwarta Naira 300,000 ta fara matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, a kan ɗaya bisa uku na riba na mai jarin ne. Bayan wata shida riba ta kama Naira 90,000. Nawa kowace za ta ɗauka? Idan kuma gyaɗa ta yi tsada aka faɗi da Naira 40,000 ba tare da sakaci ba, nawa ya rage na mai jari?

Ku kasu biyu-biyu a aji. Ɗaya ya zama mai kuɗi, ɗaya mai neman jari. Ku rubuta yarjejeniyarku a shafi guda, ku kawo ta darasi na gaba a karanta a gaban kowa.