Darasi na 7: Gawo da Maƙwabtansa

Ka taɓa lura da geron da ke gindin gawo? Ya fi na tsakiyar gona tsawo, zangarniyarsa kuma ta fi cika, alhali iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya. Yau za mu ga dalili.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke yin kore, shi sai ya kaɗe ganyensa. Don haka ba ya tare wa shuka hasken rana. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa ya zama taki daidai lokacin da gero ke nema. A jikin saiwarsa kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne muke saya da tsada a buhun yuriya. Gawo yana ba su abinci, su kuma suna ba shi taki. Wannan shi ne cuɗe ni in cuɗe ka.

Da rani sai ya yi ganye, ya yi 'ya'ya. Shanu da awaki su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yan, su bar kashi a wurin. Buzuzu ya mirgina kashin ya binne, gara ta ci karan da ya rage, ramukanta su ba ruwan sama hanyar shiga ƙasa. Mun saba zagin gara saboda rumbu, amma a gona ma'aikaciya ce. Balbela na bin sawun shanu tana cafke farin da suka tayar. Mujiya kuwa, wadda yara ke jifa, ita ke rage ɓerayen da ke cin hatsi.

Ba kowane maƙwabci ne na kirki ba. Ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, yana manne wa saiwar gero da dawa yana tsotse su, ba ya ba su komai. Irinsa kan wuce shekara 10 a cikin ƙasa yana jira, kuma ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji.

Bayan farin 1984, manoma a jihohin Maraɗi da Damagaram a Nijar suka daina ƙone kututture in suna sharar gona. Sukan zaɓi toho mai ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran. Ta haka itatuwa suka dawo a fili mai kimanin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

Aiki: Ka je gonarka, ko ta maƙwabci. Rubuta sunayen halittu biyar da ka gani. A gaban kowace, rubuta abin da take ci, da abin da ke cin ta. Ka zo da takardar a darasi na gaba.