Yadda ake rubuta labari har a kai ƙarshensa

Tun ina aji huɗu na firamare nake cika bayan littafin lissafina da labari, kuma har yau ban daina ba. A tsawon shekarun nan na ga 'yan mata da yawa masu baiwa sun fara rubutu da zafinsu, sun kai shafi na goma ko na ashirin, sai ka ji shiru. Abin yana ci mini rai, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Ƙanwata, ga yadda nake yi yanzu.

Ki fara da karatu, kuma littafin takarda nake nufi. Yawancin labaran da ke yawo a waya babu wanda ya tace su, in su kaɗai kike karantawa, kurakuransu za ki sha ki amayar. Ki zaɓi littafi ɗaya da kike so, ki karanta shi sau biyu. Na farko don daɗi. Na biyu da fensir a hannu: duk inda kika kasa ajiye littafin, ki ja layi, ki tambayi kanki me marubucin ya yi a nan. A ina ya yanke babin? Me ya ɓoye miki, sai yaushe ya faɗa? Bayan haka ki kwafe shafi guda da hannunki, kalma bayan kalma. Hannu yana koyon abin da ido ya tsallake. Ina ba da shawarar tsofaffin nan da suka fito daga gasar rubutu da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shehu Umar. Dubi rashin kaurinsu, amma shekara casa'in ana karanta su. In kuɗi ne matsala, ki ara, ko ki duba wajen masu gwanjon littattafai. In kina Kano, ga Laburaren Murtala Muhammad nan.

Na biyu, ki buɗe kunne. Ki riƙe ɗan littafi a jaka, ki riƙa rubuta maganar mutane yadda suka faɗe ta, a gidan suna, a layin asibiti, a cikin adaidaita sahu. Za ki lura uwargida ba ta cewa amarya "ina jin haushinki". Tana durƙushe a gindin murhu, hayaƙi ya cika mata ido, ta ɗago ta ce, "Sannu da hutawa, amarya." Wannan ita ce maganar da labarinki yake bukata.

Na uku, kuma a nan zan daɗe: kada ki rubuta shafin farko sai kin san na ƙarshe. Shekarun baya na fara wani labari a kan yarinyar da aka aurar ga abokin mahaifinta. Farkon ya zo mini tiryan-tiryan, daɗi ya kama ni, na fara sakinsa a wani guruf na WhatsApp, kullum da dare shafi ɗaya. Yabo ya yi ta zuwa. Wannan ta ce kada in bari mijin ya sake ta, waccan ta ce in kashe uwargidan, wata ta ce tsohon saurayin ya dawo daga karatu. Ni kuma da ban san inda na dosa ba, kowa ta ja ni sai in bi. Kafin shafi na ashirin da bakwai na shigo da sababbin mutane uku, na yi haɗarin mota, na sa an sace jariri, duk don in samu abin turawa a daren. Ranar da na zauna rubuta na ashirin da takwas, na yi awa biyu ina kallon waya, yarinyar da na fara labarin dominta ta ɓace mini gaba ɗaya. A nan labarin ya mutu. Na yi wata shida ban iya rubuta komai ba, kuma har yau idan na tuna ta sai in ji kamar na ci amanarta.

Saboda haka yanzu ƙarshen nake fara rubutawa, shafi ɗaya tak: ina tauraruwar take, me ta samu, me ta rasa. Daga nan in ɗauki falle guda in jera abin da zai faru, layi goma sha biyu zuwa sha biyar, kowane layi abu ɗaya. Sai in gwada haɗa su. Idan "saboda haka" ce ta haɗa layi da na bayansa, to ya zauna. Ta ɓoye wasiƙar, saboda haka mijin ya zargi ƙaninsa, saboda haka ƙanin ya bar gidan. Idan kuwa "sannan kuma" kaɗai ke iya haɗa su, na san cike gurbi nake yi, sai in soke layin. Gwaji na ƙarshe, ki ba ƙanwarki labarin da baki kuna wanke-wanke. In kika kasa kai shi ƙarshe cikin minti biyar, ko ta fara tambayar "to wane ne kuma wannan?", bai nuna ba tukuna.

Na huɗu, ki zauna ki rubuta. Bayan sallar asuba ya fi, kafin gida ya tashi, shafi biyu kullum. Kada ki waiwaya gyaran na jiya. Kuma kada ki saki ko layi ɗaya a guruf ko Facebook sai kin rubuta "ƙarshe". Wannan ba na yin sassauci a kansa.

Idan kin gama, ki ajiye shi mako biyu, sannan ki karanta da ƙarfi a ɗaki ke kaɗai. Inda numfashinki ya sarƙe, jimlar ta yi tsawo. Ki rage doguwar gaisuwa, ki rage lissafin leshi da kalar mota. Ki rubuta "ya ce" da "shi ne" a rabe, ba a haɗe ba, yadda ƙa'ida ta tanada, ki sa wa haruffa lanƙwasarsu, domin kafa daban, ƙafa daban, bari daban, ɓari daban. Gboard, wato allon buga rubutu na waya, yana da Hausa, kyauta ne, ki saka a wayarki.

Sai ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya mai son karatu, ɗaya wadda ba ta jin kunyarki. In gajere ne kuma kina son gwada sa'a, BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Ki karanta sharuɗɗan shekarar da kyau, ki ƙirga kalmominki kafin ki tura.