Yadda nake rage wa masu injin casa kuɗin wuta ta hanyar moto da inbata

Duk lokacin da mai injin casar shinkafa ya kira ni yana kukan kuɗin wuta, kafin mu yi maganar sayen wani abu sai na ɗauko mitata mai baki, wadda ake maƙalawa a jikin waya, mu zagaya tare. Shekarun da na yi ina aikin lantarki tsakanin Sharada da Challawa da masu casa na wajen Kura sun nuna mini cewa yawancin asarar tana cikin motocin da ke juya injina, kuma ba a ganinta da ido sai an auna.

Ka fara da karanta ɗan faifan ƙarfen da ke jikin kowane moto: kilowat nawa ne, amfiya (ma'aunin wutar da yake ja) nawa aka rubuta, gudunsa nawa. Sannan ka auna abin da yake ja yayin da injin ke tsakiyar aiki, a layukan wuta ukun da ke shiga moton duka. Moto ya fi amfani da wuta yadda ya kamata idan yana ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Da zarar nauyin ya yi ƙasa da rabi, ɓarna ta fara yawa. Mu kuwa muna da ɗabi'ar sa babba "don kada ya ƙone", sai ka tarar da moto mai kilowat 22 yana aikin da mai 11 zai yi cikin sauƙi. Irin wannan, maganinsa sauyawa da daidai shi.

A kan faifan nan dai, ka nemi rubutun IE. Matakan inganci ne na ƙasa da ƙasa, daga IE1 zuwa IE4, kuma Tarayyar Turai ta wajabta IE3 ga yawancin motoci tun Yulin 2021. Moto mai kilowat 11 da ke juyi wajen 1,450 a minti, idan IE1 ne ingancinsa kashi 87.6 cikin ɗari ne, na IE3 kuma 91.4. Bambancin kamar ba komai, amma wajen rabin kilowat ne kowace awa. Idan injin na aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, an kai yunit 2,500. A farashin naira 225 da aka sanar wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, ya haura naira dubu ɗari biyar daga moto guda. Mai tafiya da janareta da dizal kuwa, nasa lissafin ya fi haka zafi. Shi ya sa idan tsohon moto ya ƙone karo na biyu ko na uku, nake cewa, "Alhaji, a bar kai shi wajen masu naɗi." Ina girmama sana'arsu, akwai gwanaye a cikinsu, amma idan aka babbake tsohuwar wayar da wuta don a cire ta, ƙarfen ciki yana lalacewa, moton ya dawo yana zafi yana shan wuta fiye da da.

Inda riba ta fi tsoka shi ne fanka da famfo. Na taɓa shiga wata masana'anta na tarar da babbar fankar da ke zuƙe buntu tana gudu iya ƙarfinta, an kuma tura wani faifan ƙarfe an toshe rabin bututun saboda iskar ta yi yawa tana kwashe har da tsabar shinkafa. Kana biyan kuɗin iska, kana kuma toshe ta da hannunka. Muka sa inbata mai sarrafa gudun moto, wadda ake kira VFD, muka buɗe bututun gaba ɗaya, muka sauke inbatar daga 50 zuwa 40 a ma'aunin Hz, wanda gudun moto ke bi. A ƙa'ida, idan ka rage gudun fanka da kashi ɗaya cikin biyar, wutar da take buƙata tana sauka zuwa kusan rabi. A aikace ba ya cika kaiwa haka cif, don ita ma inbatar tana cin nata kaɗan, amma manajan da kansa ya tsaya yana kallon lambar amfiya tana sauka, har ya ce in sake aunawa. Ga kuma tashi a hankali da inbata ke bayarwa: moton da aka haɗa kai tsaye ba tare da ita ba yana fizgar ninki shida ko bakwai na amfiyarsa lokacin tashi, abin da ke sa janareta nishi da baƙin hayaƙi ke nan.

Sai dai ba ko'ina take biyan kuɗinta ba. Injin da dole ya yi gudu ɗaya daga safe har dare, kamar na gogar shinkafa, sa masa inbata ba zai rage maka wuta ba. Famfon da ke tura ruwa dogon tanki shi ma, idan ka rage gudunsa da yawa ruwan ba zai hau ba sam.

Idan ka sa ta, ka kula da muhallinta. Yawancinsu an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuma watan Afrilu a Kano yakan wuce haka, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Ka sa ta cikin akwati mai fanka da matatar ƙura, nesa da inda dusa ke tashi, a riƙa hure matatar duk mako, lokacin hunturu ma fiye da haka. Kada a bar kafasita (na'urar da ke riƙe cajin wuta) tsakanin inbata da moto, a kuma haɗa wayar ƙasa da kyau. Moton da za a daɗe ana tafiyar da shi a ƙaramin gudu da nauyi a kansa, fankarsa ta baya ba za ta ishe shi sanyi ba, sai a ƙara masa wata daban.

Kafin in bar wuri nakan duba bel ko ya saki, in saurari boris, in sa yara su share haƙarƙarin moton da dusa ta toshe. Sannan in rubuta amfiyar kowane moto da alli a bango kusa da shi, tare da kwanan wata, don wanda ke kan aiki ya gane da wuri idan ta fara hawa.